Shin Gwamnati Na Iya Tallafa wa Ƙungiyar Addini da Kuɗin Ƙasa?

A Maradi tambayar nan tana da nauyi, domin marayu da marasa lafiya da yawa a hannun ƙungiyoyin addini suke samun agaji. Cibiyar Danja, kudu da birnin, mishan Kirista mai suna SIM ce ta kafa ta don masu cutar kuturta, a 2012 kuma aka buɗe sashen yoyon fitsari. Ƙungiyoyin Musulunci na gina rijiyoyi da makarantun faranko-arab.

Kundin tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ya raba addini da mulki a aya ta 3, aya ta 8 kuma ta ɗora wa ƙasa kare kowace aƙida. Wasu sun ɗauka ma'anarsa ko dala kada ta shiga hannun malami ko fasto. A fahimtata, abin da aka hana shi ne gwamnati ta fifita wani addini, ko addini ya karɓe ragamar mulki. Jinyar mara lafiya aikin ƙasa ne, ko wa ya yi shi.

Ƙofar shiga ita ce dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984: sai an samu izinin ministan cikin gida. Ƙungiyar da ke son aikin raya ƙasa a matsayin ONG (ƙungiya mai zaman kanta) tana sa hannu kan yarjejeniya da gwamnati, tana kai rahoton ayyukanta duk shekara. A madadin haka ana iya yafe mata kuɗin duwan kan kayan aikin da ta shigo da su. Wannan rangwame shi ma dukiyar talakawa ce, tunda kuɗi ne da ya kamata ya shiga baitulmali.

Nan ne nake so mu buɗe ido. Tallafin da ya fito daga aljihun kowa dole ya amfani kowa. Matar da ta zo daga Madarunfa ko Gidan Rumji da ɗanta yana zazzaɓi, bai halatta a tambaye ta inda take ibada kafin a ba ta magani ba. Asusun wa'azi daban, asusun likita daban.

Ginin wuraren ibada kuwa, dokar gudanar da ibada ta 2019 ce ke tsara shi, wadda ta ta da ƙura a Maradi cikin watan Yunin shekarar. Masu ƙungiya su bambance ta da ta 1984 kafin su kai takardunsu.