Dawakin da suka koma daji

Dawakin da suka koma daji su ne waɗanda kakanninsu na gida ne, an taɓa ɗaure su a turke an sa musu linzami, daga baya suka tsinke ko aka sake su, suka yi ta hayayyafa a jeji ba mai ba su dusa ba mai gyara musu kofato. Mu nan Kano abin zai zo mana wani iri, don doki a wurinmu ɗan gata ne, yana barga ana kai masa harawa da kanwa ana jiran Hawan Daushe. Amma a wasu ƙasashen dubbai ne ke yawo ba mai su, kuma masu binciken dabbobin dawa sun daɗe suna ja-in-ja a kansu: namun daji ne a kare su, ko baƙi ne masu ɓata muhalli a rage su?

Ba ɗaya suke da asalin dokin daji ba fa. Wanda aka fi ɗauka a matsayin na asali shi ne takhi na Mongoliya, Turawa na ce masa dokin Przewalski, gajere ne kakkaura, gezarsa a tsaye. A 1969 aka yi masa ganin ƙarshe a jeji, sai na gidajen zoo suka rage, kuma duk na yau jikokin wasu kamar 12 ne kacal. A 1992 aka fara mayar da su gandun Hustai, sun kama ƙasa sun haihu.

A Amurka kuwa doki ya ƙare tun shekara wajen 10,000 da suka wuce, sai mutanen Sifen suka sake shigo da shi bayan 1500, waɗanda suka kuɓuce su ne asalin dawakin dajin can da ake kira mustang. A 1971 aka yi dokar da ta hana jama'a kama su da kashe su a filayen gwamnati. To matsalar ita ce garke na iya ƙaruwa da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari duk shekara, wato cikin shekara huɗu ko biyar ya ninka. A 2024 hukumar kula da filayen ta ƙiyasta dawaki da jakuna sama da 70,000 a filin da ta ce kusan 27,000 zai iya ɗauka, ga wasu dubbai da aka kora da helikwafta aka killace ana ciyar da su da kuɗin gwamnati.

Zamansu a tsare yake: ingarma ɗaya da goɗiyoyinsa da duƙusansu, matasan mazan da aka kora su haɗa nasu gungun suna jiran ranar da za su ƙwace mata. Goɗiya na ɗaukar ciki wata 11. Abin da ya sa cinsu ke da ɓarna kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da doki yana kiwo ya gani, yana da haƙoran gaba sama da ƙasa, sai ya datse ciyawa tun daga gindi, ita saniya ba ta da na sama, da harshe take naɗowa. Kuma doki ba ya tuƙa, abinci wucewa yake da sauri, dole ya ci fiye da saniyar da ta kai shi nauyi.

Inda abin ya fi tsanani Ostireliya ne. A 1788 aka fara kai doki can, ƙasar da asali ba ta da wata dabba mai kofato ko ɗaya, don haka tsirranta da fadamunta ba su saba da tattaki ba. A gandun Kosciuszko dawakin da suke kira brumby sun tattake bakin rafuka, ruwa ya gurɓace, wani ɗan kwaɗo mai zanen baƙi da rawaya da a can kaɗai ake samunsa yana neman ƙarewa. A 2023 gwamnatin jihar da gandun yake ta amince a riƙa harbin su daga sama don a rage su zuwa 3,000. Ni dai a matsayin mai son doki wannan yana taɓa min zuciya sosai, amma da an tashi tun suna kaɗan da ba a kai ga bindiga ba.

Sai dai ba ko'ina suke ɓarna ba. A 2021 wani mai bincike, Erick Lundgren, da abokan aikinsa suka nuna cewa a hamadar Arizona ta Amurka jakuna da dawaki na tona rijiya da kofato a busasshen rafi, wata ta kai zurfin mita 2, irin yadda mutanen ƙauye ke tona yashi da rani su ɗebi ruwa. Kyamarorin da suka ɗaura sun kama dabbobi da tsuntsaye sama da iri 50 suna sha a wurin.

Irin aikin masu binciken ke nan: ƙirga daga jirgi, kyamara a jikin bishiya mai ɗauka da kanta idan abu ya gifta, abin wuya mai GPS, tsintar kashi a kai ɗakin gwaji a ga me aka ci, da kewaye ɗan fili da waya a kwatanta ciyawar ciki da ta waje bayan wasu shekaru. Akwai kuma allurar hana ɗaukar ciki ta PZP da ake harba wa goɗiya daga nesa, an fara gwada ta a tsibirin Assateague na Amurka a 1988 kuma ta yi aiki, amma sai an riƙa maimaitawa, a fili mai faɗi kuwa gano goɗiya ɗaya ma aiki ne. Irin wancan abin wuyan mai GPS aka sa wa giwayen Yankari a Bauchi don a san inda suka nufa kafin su faɗa gonaki, kuma wallahi dajin Falgore ma yana buƙatar irin wannan ƙirgar, a san me ya rage a ciki da yadda kiwo ke shafarsa.

A Afirka akwai ɗan garke a hamadar Namibiya kusa da garin Aus, tun zamanin yaƙin duniya na ɗaya suke can suna shan ruwa a rijiyar Garub, fari da kuraye sun sha cinye musu duƙusai. Habasha ma tana da nata a dutsen Kundudo wajen Harar. A Habashar da Eritiriya ne kuma ake samun asalin jakin daji, kakan jakin da ke dakon yashi a unguwanninmu, 'yan ɗaruruwa ne suka rage a jeji.