Daskarewar kwamfuta saboda direbobin sensa

Daskarewar kwamfuta saboda direbobin sensa matsala ce da ke sa Windows ko Linux ya ƙame, na ɗan lokaci ko gaba ɗaya, yayin da wata manhaja ke karanta zafin na'ura, gudun fanka ko ƙarfin lantarki daga madabod, babban allon da ke haɗa sassan kwamfuta. Direba a nan ƙaramar manhaja ce da ke sada tsarin aiki, wato Windows ko Linux, da wani sashen na'ura. Maus ya tsaya, sauti ya riƙa kakkatsewa, wani lokaci ma sai an danne maɓallin kashewa. Masu gyara a Tiptoe Lane da ke Circle a Accra, da na zangunan Nima da Mamobi, kan ci karo da ita a tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su, domin irin su ne aka fi saka wa manhajar duba zafi kafin a sayar.

Tushen matsalar

Hanya ta farko: a yawancin kwamfutocin tebur, guntun da ake kira Super I/O ne ke riƙe da sensa, kuma galibi na Nuvoton ne, ko ITE, ko Winbond, ko Fintek. Ana yi masa magana ta ƙofa biyu: direba ya rubuta lambar abin da yake nema a ta farko, galibi 0x295, sannan ya karɓi amsa a ta biyu, 0x296. Sai dai ba direba kaɗai ke bin ƙofar ba. BIOS, manhajar da ke cikin madabod, ma yana bi, ta hanyar ACPI, tsarin kula da wuta da zafi, don ya daidaita fanka. Idan ya kutsa tsakanin matakan biyu ya sauya lambar, direba zai karanto abin da bai tambaya ba. Mafi muni shi ne rubutu ya faɗa gurbin da ba nasa ba, ko BIOS ya ga zafin ƙarya ya kashe na'urar nan take.

Saboda haka ne tun daga kanel (zuciyar tsarin aiki) na 2.6.31, a 2009, Linux ke hana direban sensa tashi idan ACPI ya riga ya kama wurin. Shawarar da ta cika intanet, wai a ƙara acpi_enforce_resources=lax, cire wannan kariya kawai take yi. Zafi zai fito a allo, gaskiya ne, amma an sake buɗe ƙofar ga masu shiga biyu. A kwamfutar da ake neman abinci da ita, bai dace a yi ba.

Hanya ta biyu ita ce SMM, wani yanayi da BIOS ke tsayar da firosesa baki ɗaya ya yi aikinsa ba tare da tsarin aiki ya sani ba. Direban dell-smm-hwmon ta nan yake tambayar fanka, kuma a wasu samfuran Dell tambaya ɗaya kan kai kusan rabin daƙiƙa. Ta uku ita ce layin SMBus, inda ƙananan guntayen bayanan RAM ke zaune daga adireshi 0x50 zuwa 0x57. Laluben wannan layi da tsofaffin sigogin lm-sensors, manhajar karanta sensa ta Linux, suka yi ya taɓa lalata guntun 24RF08 a wasu ThinkPad na IBM har suka ƙi tashi, kuma sensors-detect, umarninta na gano sensa, kan nemi izini kafin kowane mataki.

A Windows, yawan manhajoji ne ke kawo ta. HWiNFO, HWMonitor, AIDA64, SpeedFan da manhajar kamfanin madabod mai kunna fitilu masu launi, kowace da direbanta. Wasu na jiran juna, wasu ba sa jira.

Ganewa

Da farko a kawar da zargin zafi na gaske da na wuta. Ƙurar hunturu na toshe fanka, kuma faɗuwar lantarki ko tsohuwar UPS kan kashe kwamfuta, amma waɗannan ba su da tsayayyen lokaci. Matsalar sensa kuwa tana da kari kamar kiɗa. HWiNFO na karatu duk bayan daƙiƙa 2 idan ba a sauya masa ba. A mayar da shi daƙiƙa 10. Idan tangarɗar ma ta koma duk daƙiƙa 10, an kama mai laifi. Wannan gwaji ya fi kowanne sauƙi, kuma ba ya buƙatar buɗe akwati.

Idan ƙamewar ta gaba ɗaya ce, a danna Caps Lock. Idan fitilarsa ta amsa, kanel na raye, wataƙila allo ne kawai ya maƙale. A Linux, umarnin journalctl -k -b -1 na nuna saƙonnin tashin da ya gabata, muddin ana ajiye su a faifai. A nemi kalmar conflict kusa da ACPI, ko soft lockup, wanda ke fitowa idan firosesa ya maƙale na kusan daƙiƙa 20. A Windows, lamba 41 ta Kernel-Power ba ta faɗin komai sai cewa na'urar ta mutu ba shiri. Shuɗin allo mai lamba 0x133 ya fi ta amfani, domin fayil ɗin da yake bari kan ambaci direban.

Gyara

A Linux, lsmod zai nuna direbobin da ke aiki. A cire su ɗaya bayan ɗaya da modprobe -r, a fara da nct6775, it87 ko w83627ehf. Direbobin coretemp na Intel da k10temp na AMD daga firosesa suke karatu kai tsaye, da wuya su zama sanadi, don haka a bar su. Idan na'urar na ƙamewa tun kafin a shiga, a danna e a allon GRUB, wanda ke fitowa kafin Linux ya tashi, a ƙara modprobe.blacklist=nct6775, ko sunan wanda ake zargi, a ƙarshen layin da ya fara da linux. In ta tashi lafiya, sai a rubuta haramcin a fayil cikin /etc/modprobe.d, a kuma goge sunan daga /etc/modules idan sensors-detect ya saka shi a can.

A Windows, rufe manhaja ba lallai ya sauke direbanta ba. A shiga Safe Mode, a cire dukkansu, a sake kunna na'urar, sannan a mayar da guda ɗaya tak. A cikin HWiNFO ana iya kashe karatun guntun EC, ƙaramin guntun da ke kula da fanka da batir, shi kaɗai a bar sauran. Sabunta BIOS kan magance wasu, amma a garin da ɗaukewar wuta ba baƙuwa ba ce, kada a fara shi sai kwamfuta na kan UPS mai batir mai kyau, ko laftof ta cika da caji.