Sunan da ke kan imel ba shaida ba ne

An daɗe ana cewa in imel ya zo da sunan banki ko na shugabanka, har da tambari, to na gaskiya ne. Wanda ya yarda da haka ba shi da laifi.

Sai dai mai aikowa ne ke rubuta sunan da ya ga dama, tambari kuwa hoto ne da ake kwafa. Danna sunan ka ga cikakken adireshin, musamman abin da ya biyo bayan alamar @, domin harafi ɗaya tak akan sauya. A kwamfuta, ɗora kibiya kan mahaɗar (link) da ke cikin saƙon kafin ka danna, za ka ga inda za ta kai ka. In an nemi kalmar sirri ko kuɗi cikin gaggawa, kira bankin ko shugaban naka ta lambar da ka sani tun da.

Don Allah a tura wa abokan aiki.