Wai maganin ƙarin jini na sa jariri ya yi ƙato a ciki?

Tun muna yara muke jin wannan magana, shi ya sa mata da yawa in an ba su jan ƙwayar nan a wajen awo sai su tura ta ƙarƙashin katifa, tsoron kar haihuwa ta zo da wahala ko a kai ga tiyata. Tsoron nasu abin fahimta ne, amma maganin ba ya ƙara wa jariri girma fiye da ƙima. Sinadarin ayon ne da folik asid a ciki, jiki na haɗa jini da su, kuma mai ciki jininta ƙaruwa yake sosai don ita da ɗan duka. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke sa jariri ya yi ƙato shi ne ciwon suga lokacin ciki. Ƙarancin jinin shi ne abin tsoro wallahi, jiri, haki, yawan kasala, ga haɗari in aka zubar da jini wajen haihuwa.

In kina shakka ki ce a miki gwajin PCV, wato na yawan jini, a kuma duba sugan ki, sikanin kuma zai nuna girman jaririn. Kar ki sha ƙwayar da shayi, yana hana ta shiga jiki sosai, ki haɗa da lemun zaƙi. In bayan gida ya yi baƙi ba komai, aikin maganin ne.

Don Allah ku tura wa masu ciki da iyayenmu mata.