Waiwaye: Jerry Harrison, makaɗin da ya riƙe tsakiyar Talking Heads

A watan Satumba na 2023 mutum huɗu na ƙungiyar kiɗan Amurka ta Talking Heads suka zauna wuri ɗaya a bikin fina-finai na Toronto, karon farko a bainar jama'a tun 2002. 'Yan jarida, kamar kullum, David Byrne suka yi wa caa, shi da yake mawaƙin ƙungiyar. Amma fim ɗin wasansu na 1984 da aka sabunta, Stop Making Sense, Jerry Harrison ne ya tsaya kan gyaran sautinsa, kuma irin wannan aiki na bayan fage ya shafe rayuwarsa yana yi.

An haife shi a 1949 a Milwaukee ta Amurka. Yana karatu a Jami'ar Harvard ya haɗu da Jonathan Richman, ya shiga ƙungiyarsa ta Modern Lovers yana kaɗa musu fiyano. Sun ɗauki waƙoƙi a 1972, ƙungiyar ta watse, faifan bai fito ba sai 1976. Harrison ya koma karatun zanen gine-gine.

A can wasu matasa uku daga New York suka neme shi: Byrne, da Chris Frantz mai ganga, da Tina Weymouth mai jitar bes. Kiɗansu a kulob ɗin CBGB yana da kaifi, sai dai babu kauri, kamar miyar da ba a sa mata daddawa ba. Ya shiga cikinsu a 1977. A waƙa ɗaya sai ka gan shi ya saki fiyano ya rataya jita, yana cike gurbin da Byrne ya bari, ba tare da ya danne muryar kowa ba. Makaɗi mai ƙwarewa da zai yarda ya tsaya nan, ba kasafai ake samunsa ba.

Inda abin ya fi daɗin ji shi ne 1980. Furodusansu Brian Eno da Byrne sun kamu da son kiɗan Fela Kuti, sai suka tafi sutudiyon Compass Point a Bahamas suka gwada gina waƙa irin ta Legas: kowa ya riƙe ɗan guntun kiɗa yana maimaitawa, a jera wani kan wani, ba a yawan sauya sauti. Haka aka haifi faifan Remain in Light. Mutum huɗu ba za su iya kaɗa wannan a dandali ba, don haka Harrison ya shiga neman ƙarin hannu, aka ɗauko irin su Bernie Worrell na ƙungiyar Parliament-Funkadelic da mai jita Adrian Belew. A nan kuma rigima ta kunno kai kan wa ya rubuta me, domin bugun farko na faifan bai sa sunan Frantz da Weymouth cikin marubuta ba. Ni a ganina an zalunce su, tunda kiɗan taron dangi aka yi masa. Daga baya aka gyara.

Ƙungiyar ta rabu a 1991. Faya-fayan Harrison na kashin kansa guda uku ba su yi wani tashe ba, amma a kujerar furodusa ya samu kasuwa: shi ya haɗa wa ƙungiyar Live faifan Throwing Copper na 1994, wanda ya sayu miliyoyi, ya kuma yi aiki da Crash Test Dummies da Violent Femmes.

Batun bashin da ke kansu na kiɗan Afirka bai mutu ba. A 2018 Angélique Kidjo 'yar Benin ta sake rera Remain in Light gaba ɗayansa, da Tony Allen, mai gangar Fela, cikin makaɗanta. Harrison kuwa ya sake haɗuwa da Belew, suka yi rangadin kaɗa waƙoƙin faifan a 2023, yana da shekara 74.