Mashigar Arewa maso Yamma

Mashigar Arewa maso Yamma hanyar ruwa ce da ta ratsa tsibiran arewacin Kanada, can yankin Aktik, ta haɗa tekun Atlantika da na Fasifik. Rassa gare ta da yawa, kuma galibin shekara ƙanƙara ce ke toshe su.

Tarihi

Mutanen Inuwit ne 'yan ƙasa a nan. Kakanninsu sun taso daga Alaska wajen shekara ta 1000 ko bayan nan kaɗan, suna farautar dabbobin ruwa, suna tafiya a kan ƙanƙara da keken da karnuka ke ja. Su kuwa Turawa gajeriyar hanyar zuwa Sin suke nema don kasuwanci. Martin Frobisher ya gwada a 1576 bai samu ba. Henry Hudson kuma a 1611 ma'aikatan jirginsa suka yi masa bore, suka zuba shi da ɗansa da wasu 'yan kaɗan a ƙaramin kwalekwale, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne tafiyar John Franklin. A 1845 ya bar Ingila da jirage biyu, Erebus da Terror, mutum 129 suka shiga Aktik, a Satumban 1846 ƙanƙara ta riƙe jiragen kusa da tsibirin King William, shi Franklin ya rasu ranar 11 ga Yuni 1847, sauran kuma suka bar jiragen a Afrilun 1848 suka kama tafiyar ƙasa zuwa kudu cikin sanyi da yunwa da ciwo, ko mutum ɗaya bai tsira ba. A 1854 John Rae, mai binciken Aktik ɗan Scotland, ya kawo labari daga bakin Inuwit cewa yunwa ta kai wasu daga cikin mutanen Franklin ga cin naman gawa. Ingila ta ƙi yarda, har aka zargi Inuwit ɗin da ƙarya, abin takaici fa, don binciken ƙasusuwan da aka yi daga baya ya nuna gaskiya suka faɗa. Labaran da Inuwit suka gada daga kakanni sun taimaka wajen gano Erebus a 2014 da Terror a 2016.

Roald Amundsen ɗan Norwe shi ya fara ratsa mashigar gaba ɗaya ta ruwa, daga 1903 zuwa 1906, a ƙaramin jirgi mai suna Gjoa, su bakwai kacal. Hunturu biyu ya yi tare da Inuwit yana koyon sa tufar fata da tuƙa karnuka, wannan ne ya bambanta shi da na baya.

Halin da ake ciki

Aktik na ɗumama fiye da sauran duniya nesa ba kusa ba. A 2007 hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna mashigar ta buɗe da rani, a 2013 kuma jirgin dakon kaya Nordic Orion ya bi ta da kwal daga Vancouver zuwa Finland. Duk da haka hanyar na da haɗari, tsohuwar ƙanƙara mai kauri na gangarowa daga arewa ta tare wasu rassan. Mafarautan Inuwit kam tuni suka fara ji a jika, ƙanƙarar da suke takawa tana yin sirara, lokacin farauta yana raguwa.

Rikicin mallaka

Kanada ta ce ruwan cikin gidanta ne. Amurka ta ce mashiga ce ta ƙasa da ƙasa. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu a 1988 ta tsara wucewar jiragen fasa ƙanƙara na Amurka ne kawai, ba ta raba gardamar ba.