Koyon ƙera jita da hannu a wurin gwani: tambayoyi da amsoshi

Wani matashin kafinta daga unguwar Sabon Gari, nan Damagaram, ya kawo mini jitarsa fuskarta ta tsage tun daga jaki, wato ɗan katakon da ake ɗaure tsirkiyoyi a kansa, har gindi, kuma muna cikin duba ta ya yi mini tambayoyin da na ga ya dace in amsa su a rubuce.

Wace jita ake nufi, kuma daga ina siffarta ta fito?

Ana nufin jitar katako mai tsirkiya shida ta nailan, wadda ba ta buƙatar lantarki. Siffarta ta yanzu ta samo asali ne daga hannun Antonio de Torres, mutumin Almeriya a ƙasar Sifen, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. Shi ne ya faɗaɗa cikinta, ya rage kaurin fuskarta, ya kuma daidaita tsarin ƴan siraran sanduna bakwai da ake mannawa ta ciki, a baje kamar maficin kaba, domin su tallafi fuskar ba tare da sun danne sautinta ba. A 1862 ya ƙera wata jita wadda bayanta da gefenta na kwali ne, don ya nuna cewa muryar jita a fuskarta take.

Me ya sa sai an zauna gaban gwani? Bidiyon intanet bai isa ba?

Bidiyo yana nuna jerin aiki, amma ba ya sa wa mutum ji a yatsu. Kaurin fuskar jita bai cika wuce milimita biyu zuwa biyu da rabi ba, kuma babu allo biyu da ƙarfinsu ya zo ɗaya, ko da daga itace ɗaya aka tsago su. Gwani yakan riƙe allon da yatsu biyu kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa, ya saurari yadda ƙarar ke daɗewa, sannan ya ɗan lanƙwasa shi da manyan yatsunsa, ya kankare kaɗan, ya sake saurare. Idan ya bar shi da kauri, jitar za ta fito da murya a shaƙe. Idan ya wuce gona da iri, tsirkiyoyin, waɗanda janyensu ya kai kusan kilo 40, za su kumbura fuskar. Ɗan koyo yana gane wannan iyaka ne bayan maigidansa ya miƙa masa allo sau da yawa ya ce, “Taɓa ka ji.” Duk wanda ya taɓa ganin mai haɗa gurmi yana zaɓen ƙwarya ya san irin wannan sani.

Wane katako ake amfani da shi, kuma akwai shi a wajenmu?

Na fuska dai babu makawa sai an yi odarsa, domin itacen sifurus na ƙasashen sanyi ko itacen sida (cedar) na Arewacin Amurka ne ke haɗa rashin nauyi da ƙarfi. Wuya kuwa ana iya gwada shi da maɗaci da ya bushe sarai, tunda danginsa na Afirka sun daɗe suna shiga wannan aiki. Manne na gargajiya daga fatar dabba ake dafa shi, kuma amfaninsa shi ne yana sakewa da zafi da danshi idan gyara ya taso.

Akwai lissafi a ciki?

Akwai, kuma ba ya yafe kuskure. Tsawon tsirkiya daga saman wuya zuwa jaki milimita 650 ne. Ana raba shi da 17.817 a samu wurin ƙarfen farko cikin ƴan ƙarafan da ake jerawa a wuyan jita don danna tsirkiya, wato kusan milimita 36.5 daga sama, sai a sake raba abin da ya rage da wannan adadi, a yi ta haka har ƙarfe 19. Na 12 yana faɗawa daidai tsakiya.

To, me ya tsaga jitar wannan matashi?

Hunturu ne. Masu ƙira a Turai suna haɗa jita a ɗakin da danshin iskarsa yake tsakanin kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, alhali a Damagaram yakan sauka ƙasa da kashi 20 a Fabrairu da Maris. Katako yana tsukewa ta faɗinsa idan ya rasa ruwa, sandunan ciki kuma suna riƙe da shi, saboda haka sai ya tsage bisa jijiyarsa. A ganina wannan ne darasin da ya fi muhimmanci ga wanda zai dawo gida da sana'ar: ya ajiye katakonsa a nan ya sha iskarmu, kuma ya manna sanduna da fuska a lokacin rani, domin jitar da aka haɗa a bushe tana jure damina fiye da yadda wadda aka haɗa a danshi take jure hunturu.

Wane lokaci koyon yake ɗauka?

Jita ta farko tana iya kammaluwa cikin ƴan watanni idan maigida yana tsaye a kan aikin, kuma shafen shelak kaɗai, wato maganin da ke sa katako sheƙi, wanda ake yi da ɗan ƙullin tsumma shafi bayan shafi, yakan ci makonni. Kunne da yatsu kuwa shekaru suke ɗauka kafin a yaye mutum.